Mai Ziyara da Maginin Faransa

Nawwaf, ɗan ƙanwata, shi ya ja wannan magana. Ran nan bayan La'asar muna zaune a ƙofar gida a unguwar Ka'akiyya, nan Makka, shi da abokansa suna gefe suna danna waya, sai na ji yana ce musu wai in ya gama karatu aiki bai samu ba, ai da sauƙi, motar Kawu zai karɓa ya riƙa kai alhazai ziyara. "Me ke ciki?" in ji shi. "Tuƙi ne da surutu. Hanya tana waya, tarihi yana waya." Na ajiye kofin shayina na ce, to madalla, ku jawo kujerunku nan, tunda abin surutu ne bari ku ji shi daga bakin mai shi.

Ni Bashir, a unguwar Jarwal aka haife ni. Mahaifina mutumin Haɗeja ne, ya zo aikin Hajji da ƙafa tun yana saurayi, Allah bai yi zai koma ba. Sana'ata kuwa ita ce in ɗauki baƙin Allah daga masaukinsu da sassafe, in zagaya da su wuraren tarihi na garin nan, Dutsen Saur, Arafa, Muzdalifa, Mina, Dutsen Nur, in gaya musu abin da ya faru a kowane wuri, in dawo da su kafin rana ta cinye su. A baki ba ta da tsawo. A hannun Baba Tanimu na koye ta, wani tsoho Basakkwace mai jar mota doguwa wadda ƙofarta ta baya sai an ɗaure da igiya.

Ranar da na fara zuwa wajensa, na ci ado, farar riga an goge ta, ina jiran a miƙo mini makirfo. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka san Makka?" Na ce, "Baba, a nan fa aka yanke mini cibiya." Ya ce, "To da hantsi, a gindin Dutsen Saur, ta wane gefe inuwa take?" Na hau waige-waige ina neman inda rana take. Ya nuna mini kular ruwa ya ce, "Ɗauki." Kula na yi ta ɗauka har Hajji ya zagayo, bai bar ni na buɗe baki a gaban alhaji ba. Ina zuba ruwa, ina riƙe wa tsofaffi lema, ina saurara. A nan na gane cewa tarihin shi ne ƙaramin ɓangaren aikin. Babban shi ne ka san inda za ka tsayar da mota mutane su sauka ba a cikin rana ba, ka san masallacin da banɗakinsa ba ya da matakala, ka kalli fuskar tsohuwa ta madubi ka gane juwa ta fara ɗibarta tun ita ba ta sani ba.

Kayan aikin kuwa, ku daina kallon sitiyari. Akwai ɗan bencin katako da nake ajiyewa a bakin ƙofa, domin gwiwar tsohuwar da ta yi ɗawafi jiya ba za ta hau mota ba tare da shi ba. Akwai kujera mai naɗewa. Akwai lemomi, farare, baƙar lema tukunya ce a garin nan. Akwai dabino a leda saboda masu ciwon suga. Akwai buhun silifa, manya da ƙanana, domin ba a taɓa fita ziyara an dawo da takalma daidai da ƙafafu ba. Wani ya bar nasa a ƙofar masallaci, wani ya sako na wani, wata kuma ta ce ita ba za ta taka ƙasa mai albarka da takalmi ba, sai kwalta ta gasa ta ta dawo tana tsalle kamar fara. Sai makirfo, wanda rabin shekara a lalace yake, don haka murya ita ce jari. Baba Tanimu ba ya shan ruwan sanyi daga Shawwal har a sauko daga Mina.

Wata tsohuwa daga Gumel ce ta sa na ga yadda ake sarrafa mutum ba tare da an kunyata shi ba. Mun hau Dutsen Rahama a Arafa, sai ta kwance bakin zanenta ta fito da alƙalami da wani zare, wai an aiko ta ta rubuta sunayen 'ya'yanta a jikin ginshiƙin da ke saman dutsen, ta ɗaura zaren. A motar akwai wani ɗalibi ɗan Zariya mai karatu a nan, yaron kirki, amma jininsa na tafasa. Ya taso zai fara wa'azi. Baba Tanimu ya dafa kafaɗarsa, ya juya wajenta ya ce, "Hajiya, rubutun nan ana goge shi da fenti kafin sati. Faɗa mini sunayen nasu, mu aika inda ba a gogewa." Ya juya alƙibla ya ɗaga hannu. Tana faɗa yana addu'a, Sa'adatu, Amadu, Ladidi, har ta kai kan wanda ya rasu, muryarta ta karye. Duk wanda ke wurin ya ce amin, har ɗalibin. Ta mayar da alƙalaminta bakin zane da kanta.

Abu ɗaya ne ba ya yafewa, ƙarya a kan wuri. A zamaninmu akwai masu ziyarar da duk ramin da suka gani a jikin dutse sai su ce sawun raƙumar wane ne, don a yi kabbara a ji daɗi. Shi kuwa in aka tambaye shi abin da bai tabbatar ba, sai ya ce, "Allahu a'alamu, ban sani ba," ko da motar za ta yi shiru. Yakan ce mini, "Abin da ka faɗa a motar nan, wata mai zuwa a Gusau za a faɗe shi a kan tabarma, jikoki su haddace. Ka ga ka shuka ƙarya a gonar da ba za ka taɓa zuwa ka cire ba."

Alhazai kuma kowa da halinsa. Ɗan kasuwar Kano, kana tsakiyar ba da labarin Hijira, idonka ya ciko, sai ya taɓo ka ya ce, "Malam, a nan kusa akwai inda ake sarin darduma?" Dattijan Sakkwato in suka ɗaga hannu ka manta da agogo. Mutanen Nijar ba su da ƙorafi, sai dai in ka ce a dawo mota ka nemi rabinsu ka rasa, sun kama hanyar hawa Dutsen Nur, wai ai ba nisa. Kowanne akwai yadda ake bi da shi, kuma ba a waya yake ba.

Shekarar korona kuwa, ba sai na ba ku labari ba, kun gan ta, amma daga cikin gida kuka gan ta. Baba Tanimu ya riga mu gidan gaskiya tun kafin nan, ni kuma ina da tawa motar, farar bas ƙarama. Aka wayi gari babu baƙo ko ɗaya a Makka. Otal-otal ɗin Jarwal aka sa musu kwaɗo, kyanwoyi suka gaji titi. Da zama ya ishe ni, sai na kwance kujerun motar duka na jingine su a soro, na shiga halaga, kasuwar kayan gwari ta nan Ka'akiyya, ina yi wa masu shaguna jigilar albasa da tumatir. Muryar da ta saba cewa "a damanku ga Masallacin Namira" ta koma "a kauce, a kauce, buhu ne." Da aka buɗe Umara kuma, abin bai dawo yadda yake ba. Kamfanoni suka shigo da manyan motoci masu sanyi kamar firji, da samari masu karanta tarihi daga waya. Maƙwabcina Abu Majid, mai sana'ar gwari, ya daɗe yana zawarcin motar. Ran nan na ce masa, halas, shi ke nan, na gaji, ya zo ranar Alhamis ya ɗauka. Muka tafa a kan haka.

Ana gobe Alhamis ɗin sai ga waya daga Malam Sani, wani ɗalibin ilimi da muke sallah tare. Ya ce akwai wata Hajiya 'yar Damagaram mazauniyar Faransa, ita da mijinta, suna neman mai ziyara mai jin Hausa, su biyu kacal, gobe da safe. Na ce a raina, to, bari in yi na bankwana. Na ɗaura layin kujera ɗaya, na wanke mota da omo, na turara ta da turaren wuta har idona ya yi ja.

Hajiya Hadiza tana sa ƙafa a kan benci ta tsaya ta shinshina. "Malam Bashir," ta ce, "ziyara za mu ko miya za a yi da mu?"

Gajeriya ce, mai ƙiba, bakinta ba ya hutawa. Mijin kuwa ya biyo bayanta sai da ya sunkuya kafin ya shiga. Bature ne tsoho, dogo, rana ta mai da shi ja kamar gauta, hannuwansa kamar shebur. Ya musulunta tun kafin su yi aure, sunansa Yusufa. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "madalla" ba, Larabcinsa kuma iyakarsa abin sallah. Duk abin da zai ce sai ya bi ta bakin Hajiya, ita kuma, na lura, tana ƙara masa gishiri a hanya.

Kafin mu kai Dutsen Saur na san tarihinsu kaf. A wani ɗan ƙauye suke, wanda in ji ta mutanensa ba su kai na layinmu ba, amma a kan tudunsa akwai abin da suke kira shato, tsohon gidan sarauta na dutse mai ganuwa da hasumiya, wanda aka gina tun zamanin takobi da sulke. A ƙasa akwai tsohuwar gada ta dutse da tsohuwar majami'a. Malam Yusufa magini ne, duk rayuwarsa gyaran waɗannan gine-gine ya yi, in dutse ya zame ya mayar, in bango ya tsage ya ɗinke. Ita kuma a ƙofar shaton ta yi aiki, tana sayar da tikiti, in mai zagayawa da baƙi bai zo ba ta karɓa.

"Ka ga sana'armu ɗaya ke nan," ta ce. "Saboda haka ka yi a hankali, ina sauraronka."

Ta kuwa saurara. A Saur ta ce na yi sauri wajen labarin kogon, ya kamata in tsaya in bar mutane su haɗiye shi. A Arafa ta ce ina magana ina kallon dutse, su can an koya musu su juya wa abin baya su kalli mutane. Na ce, "Hajiya, in na juya wa hanya baya ina tuƙi, a Lahira za mu ƙarasa ziyarar." Ta fassara wa mijin, ya yi dariya har da buga gwiwa. Ta ce baƙinsu na can kowane dutse sai sun ɗauki hoto sun tambayi shekararsa, amma ba ta taɓa ganin wanda ya yi kuka ba. Na ce namu kuwa ba mai tambayar shekara, kuka ne dai buhu-buhu.

Shi Malam Yusufa duk inda muka tsaya sai ya sauka ya yi addu'a a nitse, ya daɗe. Amma na lura idonsa yana yawo, yana neman wani abu. Da muka shigo Mina, tantuna farare fetal babu kowa, sai ya sunkuyo ya yi wa matarsa magana mai tsawo.

"Yana tambaya," in ji Hajiya, "wai ina tsofaffin duwatsunku?"

Na nuna masa tsaunukan da suka kewaye mu na ce, "Waɗannan fa? Sun girmi shato."

"A'a. Yana nufin dutsen da hannun mutum ya ɗora a kan dutse. Ya ce tun da ya zo, sai gilashi da siminti. Ya ce gidan da aka haife ka, yana nan?"

Na ce yana nan, a ƙarƙashin wani otal, daidai inda suke ajiye motoci. Ta faɗa masa. Bai yi dariya ba wannan karon, ya gyaɗa kai kawai ya koma ya jingina.

Baƙo ya yi tambaya a motata na rasa abin nuna masa, kuma a ranar ƙarshe. Sai na tuna wani wuri da Baba Tanimu ya taɓa kai ni, mu biyu, wanda ba a sa shi cikin zagayen ziyara. Na juya kan mota muka koma hanyar da ke tsakanin Muzdalifa da Arafa.

Ku da kuke wucewa ta nan kullum ba ku taɓa ɗaga kai ba. A jikin tsaunin akwai wani dogon gini na baƙin dutse da ya bi kwiɓin dutsen kamar ɗamara, yana lanƙwasa inda tsauni ya lanƙwasa, an tokare shi da ginshiƙai. Ainu Zubaida ke nan, magudanar ruwa. Zubaida, matar wani halifan Bagadaza, ce ta zo Hajji ta ga yadda ƙishirwa ke kashe alhazai, ta sa aka janyo ruwa daga kwaruruwan da ke bayan Arafa har zuwa kusa da Makka. Fiye da shekara dubu ke nan. An yi ta gyara ta zamani bayan zamani, iyayenmu ma sun sha daga gare ta, kafin famfo ya zo a bar ta ta bushe.

Ban gama tsayar da mota ba Malam Yusufa ya buɗe ƙofa. Tsohon da ɗazu sai na riƙe masa hannu kafin ya taka benci, ga shi yana hawa tudu kamar akuya. Muka bi shi, ni da lema da kujera, Hajiya tana haki tana ambaton sunan Allah. Muka same shi ya kafa tafin hannu a jikin ginin, ya rufe ido. Sai ya ɓarke da magana, Hajiya na fassarawa tana neman numfashi. Wai a duba yadda aka zaɓi kowane dutse aka juya shi har ya sami mazauni. Wai abin da aka haɗa su da shi farar ƙasa ce aka toya, irin wadda yake amfani da ita a shato, ba siminti ba, shi ya sa ginin yake numfashi bai fashe ba. Ya ja hannuna ya sa yatsana a wani ɗan lotso a jikin shafen, ya ce nan wani ya danna da babban yatsa yana gwada ko ya bushe.

Lokacin sanyi ne, amma sanyin Makka kun san shi, da hantsi ya ɗaga sai ya tattara ya tafi. Hajiya ta ce ita kam ƙafarta ta ƙi. Na riƙe ta muka sauka a hankali, na kunna mata sanyin mota, na zuba mata ruwa. Na ɗauki gora ɗaya na koma sama in sauko da maigidan.

Babu shi.

Na duba dama, na duba hagu, gini ne kawai yake tafiya yana ɓacewa a bayan duwatsu. Na ƙwala kira, "Malam Yusufa!" Tsauni ya dawo mini da muryata. Na sauko da gudu na gaya wa Hajiya. Nan take wasa ya bar fuskarta.

"Yana da suga," ta ce. "Bai ci komai ba tun asuba sai shayi. Wayarsa tana jakata, ga ta. Abin hannun nan mai sunan otal ma ya cire, wai yana damunsa."

Tsoho, mai ciwon suga, ba Larabci, ba waya, ba shaida, a kan tsauni, rana tana hawa. Wanda ya yi sana'ar nan ya san yadda irin wannan take ƙarewa in aka yi sake. Ginin kuma ya tafi gabas ya tafi yamma, in na bi ɓangaren da ba shi ba, kafin in dawo an yi Azahar. Na ce, "Hajiya, ke kika san shi. In ya ga bango, ina yake bi?"

Ta ce, "Baya. Kullum baya. Ko kogi ya gani sai ya ce sai ya ga inda ya faro. Haka ya taɓa bar ni a bakin gada da kwandon abinci har yamma."

Na cusa dabino a aljihu, na bar mata makulli na ce in ta ga na daɗe ta danna hon kada ta saki, na kama gefen Arafa, inda ruwan yake fitowa a da. Silifa a ƙafata, duwatsu suna zamewa, ƙaya tana kama riga. Na sha kwana ɗaya, babu kowa. Na sha ta biyu, sai kashin awaki. Ina ta kira har muryar da nake taƙama da ita ta dushe. Ina shirin in buga wa 'yan agaji waya sai na ji kukan akuya a bayan wani ginshiƙi, da wata irin dariya.

Ga Malam Yusufa a zaune a inuwar ginshiƙin, gemunsa duk madara. Kusa da shi wani makiyayi Basudane, dattijo, ya tatso masa nonon akuya a kwanon sha, ya ba shi gurasa. A daidai wurin murfin magudanar ya karye, cikinta a buɗe, sun sa hannu sun kwashe yashin da ya cike ta, tsawon kamar tabarma biyu, har shafen ƙasan ya fito sumul. Bature yana zuba Faransanci, makiyayi yana zuba Larabcin Sudan, kowa yana gyaɗa wa ɗan'uwansa kai.

"Ya hajj!" na ce wa makiyayin. "Me yake ce maka?"

"Wallahi ban sani ba," in ji shi. "Amma mutumin kirki ne. Na gan shi yana tangaɗi, na zaunar da shi."

Na miƙa wa Malam Yusufa gorar ruwa, ina nuna masa baki, sha, sha. Ya karɓa ya kurɓa sau ɗaya. Sai ya durƙusa a bakin magudanar ya tuntsurar da sauran a ciki. Na buɗe baki zan yi masifa, ruwan da na hau tsauni da shi! Ya ɗaga mini yatsa, ya nuna ƙasa.

Ruwan ya taru wuri ɗaya kamar yana tunani. Sai ya miƙe. Siriri, a hankali, yana tura ƙura a gabansa, ya bi tsakiyar shafen bai karkace ba, ya nufi Makka. A ido wurin a shimfiɗe yake, ba gangare ko kaɗan. Muka bi shi da kallo mu uku har ya shige ƙarƙashin murfin da bai karye ba.

"Allahu Akbar," in ji makiyayin.

Malam Yusufa ya dube ni, ya buga ƙirjin ginin da tafin hannu kamar yadda ake dafa abokin aiki, ya ce, "Madalla."

Can ƙasa kuwa hon ya fara, bai tsaya ba. Muka sauko ina riƙe da shi yana tauna dabino. Faɗan da Hajiya ta yi masa, ta fara da Faransanci, da ya ƙare mata ta koma Hausar Damagaram, ta rufe da "la haula" ta Larabci. Shi dai yana ta murmushi yana nuna mata farcensa cike da ƙasa. Da ta huce ta juyo kaina. "Kai kuma, kana da irin wannan a garinku kake kai mutane kallon tanti? Mu da muna da shi, da tuni na kafa tebur a gindinsa."

Da yamma Abu Majid ya zo ɗaukar mota, ya tarar da ni a ciki da sifana, na fito da sauran kujerun daga soro ina ɗaurawa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Ya Bashir, albasar a kan kujera za ta zauna?"

Na sauko na ce, "Abu Majid, mun tafa, ban musa ba. In ka ce sai ka ɗauka, ga makulli. Amma roƙonka nake ka sake ni."

Ya zagaya motar, ya leƙa ciki, ya shaƙi turaren da na banka mata. Ya ce, "Dama warin nan zai lalata mini tumatir." Ya karɓi sifanar ya riƙe mini ƙusa muka ƙarasa ɗaurin tare.

Su Hajiya sun koma ƙauyensu. Takan aiko mini da hoto lokaci-lokaci, shato a cikin hazo, gadar dutse, Malam Yusufa a kan tsani da hular da ya saya a Jarwal, alhali likita ya hana shi hawa. Ni kuma tun daga ranar na sa Ainu Zubaida cikin zagayena, da sassafe, kafin Arafa, kuma ba mai wuce inda na tsaya.

Jama'ar farko da na kai wurin tsofaffin mata ne daga Bichi. Suka sauka suna kallon gini suna kallona. Shugabarsu, wata Hajiya Abu mai sanda, ta ce, "Ɗan nan, wani Annabi ne ya zauna a nan?"

Na ce a'a.

"Sahabi fa?"

Na ce a'a, Hajiya, magudanar ruwa ce. Na ba su labarin matar da ta sa aka gina, da alhazan da suka sha, na nuna musu farar ƙasar da ke tsakanin duwatsun.

"To su waɗanda suka ɗauko duwatsun nan suka hau da su cikin ranar nan, su wane ne?"

Na ce, "Allahu a'alamu. Ban sani ba. Ba wanda ya riƙe sunansu."

Ta daɗe tana kallon ginin, daga inda ya ɓullo har inda ya ɓace. Ta ce ita ta yi shekaru tana ɗaukar tulu daga rafi kafin a haƙa musu rijiya, ta san abin da ruwa yake. Ta miƙa wa ta kusa da ita sandar, ta juya alƙibla, ta ɗaga hannu biyu.

"To ku matso," ta ce wa sauran. "Ba su da mai yi musu. Allah ya jiƙan magina."

Muka ce amin.